Abin Tunawa, Asalin Sunansa Da Hakkinsa

Da wuya a shiga gida a ƙasar nan, ko na sarki ko na talaka, a rasa wani ɗan abu da aka ajiye can ƙasan adaka, wanda in an kai shi kasuwa dillali ba zai ko taya ba, amma mai shi ba ya yarda ya rabu da shi ko za a ba shi doki da sirdi. Wani carbin ubansa ne da ya sha hannu har ya yi santsi. Wata kuwa 'yar tasa ce da uwarta ta sa mata cikin kayan ɗaki ran da za a kai ta gidan miji. Wani allon da ya fara koyon baƙi da shi ne, wani kuma wasiƙa ce wadda takardarta ta yi ja don daɗewa, mai rubuta ta kuwa ya riga mu gidan gaskiya. A kan irin wannan abu mu ke so mu yi magana da ku, ya ku 'yan makaranta. Za mu fara bin sunayen da al'ummai suka sa masa, mu ga inda suka samo su, sa'an nan mu duba ko ya halatta a sayar da shi, ko a kan mallake shi da ƙarfi, da kuma inda son sa ya kamata ya tsaya.

Mu dai sunan da muka fi kiransa da shi shi ne "abin tunawa". Tushen maganar "tuna" ne, kuma daga wannan tushe muka sami "tuni", watau a faɗa wa mutum abin da a ke tsoron kada ya manta, muka sami "tunatarwa" irin ta malami a bisa mumbari, muka kuma sami "tunani". Ku lura da wannan na ƙarshe. Sa'ad da kakanninmu suka so su sa wa aikin hankali suna, kalmar tunawa suka ɗauko suka ƙara mata gaɓa. Sai ka ce sun nufi su gaya mana mai tunani shi ne wanda ya tuna ya sake tunawa, wanda ba ya tuna abin da ya wuce kuwa ba shi da abin da zai auna na gaba da shi.

Masu koyon Turanci a cikinku za su gamu da kalmomi uku da Ingilishi ke kiran wannan abu da su. Ɗaya ce kaɗai tasu tun asali, sauran biyun aro ne. Tasu ita ce keepsake, an kuwa fara ganinta a rubuce wajen shekara ta 1790. Kalma biyu aka haɗa. Ta farko ma'anarta riƙe ko ajiye, ta biyun kuwa ita a ke sawa in za a ce an yi abu don wani, ko sabo da darajar wani. A cikin tsohon Turanci ma'anar ta biyun nan ƙara ce, irin wadda a kan kai gaban alƙali, daga nan ta koma dalili. In an haɗa su ke nan an ce "ajiye don wane". To, kun ga sunan ba ya cika sai da mutum a cikinsa. Kalmar ta sami karɓuwa ƙwarai a Ingila, har aka yi wani littafi mai wannan suna a birnin London, wanda a kan buga shekara shekara tun daga 1828 har 1857, cike da labaru da waƙoƙi da hotuna, mutane su kan saya su ba masoyansu kyauta a ƙarshen shekara.

Ta biyu memento, daga Latin ta fito, harshen Rumawa na dā. A can ba sunan kaya ba ce, umurni ce, ma'anarta "ka tuna!" Ta hanyar coci ta shiga Turanci, gama a cikin babbar addu'ar da limaman Katolika ke yi da Latin akwai wuri biyu da a ke farawa da ita, a ɗaya a roƙa wa rayayyu, a ɗaya a roƙa wa matattu. Sai a ƙarni na 18 ta zama sunan abin da a ke ajiyewa don tunawa da mutum. Wanda ya kira zoben uwarsa da wannan suna, ko bai sani ba ya ce zoben yana ba shi umurni ne.

Ta uku souvenir, ta Faransa ce, Ingilishi suka are ta a ƙarshen ƙarni na 18. Su Faransawa kuma daga Latin suka samo ta, inda aka haɗa wata kalma mai ma'anar "daga ƙasa" da wata mai ma'anar "zo". Watau abin da ya taso daga ƙasa ya zo maka. Wanda ya fara wannan kwatanci lalle ya san zuciyar ɗan Adam, don haka tunawa ta ke. Mutum yana zaune bai nufi kome ba, ya ji ƙanshin wani turare, sai ga kakarsa da ta rasu tun yana yaro ta taso masa a rai kamar ruwa a idon rijiya.

Larabawa kuwa "tazkar" su ke cewa. Tushenta ɗaya ne da "zikiri" da mu ke da shi a Hausa, watau ambato da tunawa. Daga wannan tushe kuma Larabawan zamani suka sami sunan tikitin jirgi, "tazkara", 'yar takardar da ke tuna wa ma'aikaci cewa ka biya.

Akwai wata kalma tamu da ta yi kusa da waɗannan, amma ta juya musu baya, ita ce "tsaraba". Baturen da ya je yawon buɗe ido ya kan sayi ɗan abu don kansa, ya ajiye a ɗaki, ya riƙa tuna garin da ya gani. Bahaushen da ya je fatauci Gwanja, ko ya je Makka, ba don kansa ya ke ɗauro dabino da zamzam da carbi ba, don waɗanda ya bari a gida ne. Tsaraba shaida ce cewa matafiyi ya tuna da kai yana can nesa, lokacin da ba ka ganinsa balle ka yi masa tuni. Don haka ne ba a auna ta da mudu, kuma wanda ya raina tsaraba a kan ce ba shi da tarbiyya.

In muka tara sunayen nan duka, za mu ga ba ko ɗaya da ya ambaci zinariya ko azurfa, ko kyaun saƙa, ko tsada. Ko wanne a cikinsu tsakanin mutum da mutum ya ke nunawa. Wannan shi ne abin da za mu auna sauran maganarmu da shi.

To, ko ya halatta a sayar da abin tunawa? Masu tarihin Musulunci sun ruwaito labarin Ka'abu ɗan Zuhairu, wani shahararren mawaƙin Larabawa wanda da fari ya yi gaba da Musulunci. Wajen shekara ta 630 ya zo Madina yana mai tuba, ya karanta waƙarsa da aka sani da Banat Su'ad a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Annabi ya tuɓe mayafinsa ya yafa masa. Bayan shekaru, da Mu'awiya ya zama halifa, ya aika wa Ka'abu da tayin dirhami 10,000 a kan mayafin. Ka'abu ya ƙi. Da ya rasu, Mu'awiya ya sake aikawa ga magadansa, su kuwa suka sallama, a wata ruwaya a kan dirhami 20,000. Halifofi suka riƙa gadonsa suna yafawa ran idi. Har wa yau akwai mayafin da a ke cewa shi ne, yana ajiye a fadar Topkapi a birnin Istanbul, cikin kayan da aka kai can bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517.

Shin magadan Ka'abu sun yi laifi? A shari'a ba su yi ba, dukiyarsu ce suka sayar. Amma me ya sa uban ya ƙi, 'ya'yan suka yarda? A ganinmu dalilin a fili ya ke. Ka'abu shi ya shiga masallaci ran nan da tsoron mutuwa a ransa, shi ya fita da gafara a kafaɗarsa. In ya dubi mayafin, ranar nan ya ke gani. Magadansa sun gaji tufa, ranar kuwa ji kawai suka yi, gani kuwa ya kori ji. Daga nan mu ke gane cewa kaya su kan sauka daga hannu zuwa hannu da kansu, amma labarin da ya ba su daraja ba ya sauka sai an ɗauke shi an miƙa. Takobi nawa ne a gidajenmu da ba wanda ya san yaƙin da suka je? Littafi nawa ne na rubutun hannu da jikoki suka sayar wa dillalai da arha, don ba wanda ya gaya musu ko wane malami ne ya kwana yana rubuta shi a gaban fitila? Laifin rabi na mai sayarwa ne, rabi na wanda ya mutu da labari a bakinsa.

Duk da haka ba za mu ce sayarwa haram ce ko yaushe ba. In mutum ya rasu da bashi a kansa, shari'a ta ce a biya bashin kafin a raba gado, ko da zobensa ne kaɗai ya bari. Ɗan da ya ɓoye zoben don ƙaunar ubansa, ya bar uban da nauyin mutane a kabari, ya so zobe ne fiye da mai zobe. Haka kuma in yunwa ta shigo gida, ko yaro ya kwanta ba kuɗin magani. Wace uwa ce za ta so tasarta ta zauna a adaka jikanta na mutuwa? Sunan ya ce "ajiye don wane", to in don wanen ne, a wani lokaci rabuwa da abin ita ce cika masa burinsa. Abin kunya shi ne a sayar don kwaɗayin sabuwar riga, ko don a burge abokai kwana biyu. Akwai kuma wata cuta da ta ke ɓuya a inuwar ƙauna, ita ce babban ɗa ya ɗauke Alƙur'anin mamaci ko alkyabbarsa tun ba a yi rabo ba, ya ce ai abin tunawa ne. Ƙannensa mata da marayun gidan su ma ubansu ne. Hanyar gaskiya ita ce a yi wa abin kima a sa cikin rabonsa, ko ya roƙi sauran magada su bar masa da daɗin rai.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta biyu, ko a kan mallaki abin tunawa da ƙarfi. Kun san labarin Alhaji Umaru na Futa, wanda a kan hanyarsa ta komowa daga Makka ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa, sa'an nan ya wuce yamma ya kafa daula, ya rasu a 1864. A 1890 sojan Faransa, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Archinard, suka ci birnin Segu daga hannun ɗansa Ahmadu, suka kwashe littattafai da dukiya. Cikin kayan da yaƙoƙin nan suka kai Faransa har da wani takobi da a ke danganta wa Alhaji Umaru, wanda ya daɗe a gidan ajiye kayan tarihin soja a Paris. Sai ran 17 ga Nuwamba 2019, Firayim Ministan Faransa ya miƙa shi ga shugaban ƙasar Senegal a Dakar. Haka kuma kayan tagulla da na hauren giwa da sojan Ingila suka kwashe daga fadar Sarkin Bini a 1897, dubbai, suka watsu cikin ƙasashen Turai da Amurka. A 2022 gwamnatin Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu.

Sojan da ya ɗauki irin wannan kaya ya kai gida, shi ma ya kan ce abin tunawa ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, yana tuna nasararsa da shi. Amma mu koma ga sunan. Don wa aka ajiye? Wa ya ba shi? Wa ya tuna da shi daga nesa ya kawo masa? Babu. Hausa tana da sunan wannan, shi ne ganima in a yaƙi ne, ƙwace in ba a yaƙi ba. Abu guda ya zama abin alfahari a wani gida, abin baƙin ciki a wani, kuma gidan da aka yi abin dominsa shi ne ke kuka.

Waɗansu su kan ce da Turawa ba su kwashe kayan nan ba, da gara ta cinye su, ko gobara ta lashe. Ba za mu ƙi maganar nan ɗungum ba, gama gara ta ci littattafai da yawa a ƙasarmu, mu kuwa muna kallo. Sai dai wanda ya tsare maka kaya, godiya ya cancanta in ka ba shi ajiya ne, kuma ko ya shekara ɗari yana tsaro ajiya ba ta zama tasa. Ba kuma gaskiya ba ne a ce mutanenmu ba su iya adana ba. Takobin nan Gajere na sarautar Katsina, da a ke danganta wa Muhammadu Korau, yana nan a fada, tagwayen masu na Sarkin Kano suna nan a kan fito da su ran hawa. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ga maganar ta sarakuna ce kaɗai. Yaron da zai bar makaranta ya sulale da littafin ɗakin karatu, ko da alƙalamin abokinsa, ya ce don tunawa, shi da sojan nan hanyarsu ɗaya, girman kayan ne ya bambanta.

Saura tambaya ta uku, ina iyakar son abin tunawa? An ruwaito cewa Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya ji labari mutane suna zuwa suna salla a gindin itacen da sahabbai suka yi wa Annabi mubaya'a a Hudaibiyya, sai ya sa aka sare shi. Masu karatu a makarantun mishan kuma sun san irin wannan a Littafin Sarakuna na Biyu, inda Sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da Annabi Musa ya yi, don ya tarar Bani Isra'ila suna ƙona masa turare. Itacen nan da macijin nan dukansu abin tunawa ne na gaske, ba na jabu ba, asalinsu kuma mai tsarki ne. Duk da haka shugabanni biyun suka ga gara a rasa abin da a bar shi ya tsaya a matsayin wanda a ke tunawa.

Ba a wajen ibada kaɗai a ke wuce iyaka ba. Da Albert mijin Sarauniya Victoria ta Ingila ya rasu a 1861, ta sa aka bar ɗakinsa yadda ya ke, barori suna fito da tufafinsa suna kawo ruwan zafi kamar yana da rai, ta kuma zauna cikin baƙaƙen tufafi har ta rasu a 1901. A shekarun farko ta janye daga idon jama'a har talakawanta suka yi ta gunaguni. Ba mai zargin mace don ta yi kewar mijinta. Amma masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma rayayyu suna da hakki a kanmu wanda matattu ba su roƙe mu mu tauye ba.

In kuna son ma'auni a kan wannan, ku dubi rigar Annabi Yusufu, labarin da Musulmi da Kirista duka suka san farkonsa. 'Yan'uwansa suka kawo wa ubansu rigarsa da jinin ƙarya, don su sa shi ya gaskata abin da bai faru ba. Wannan ya nuna kaya su kan yi shaidar zur, sai a bi su da hankali. A cikin Alƙur'ani kuma, bayan shekaru masu yawa, Yusufu ya aiko da rigarsa daga Masar, aka jefa a fuskar Annabi Yaƙubu, ganinsa ya komo. To, me Yaƙubu ya yi bayan nan? Bai zauna a gida yana shinshinar riga ba. Ya nemi gafara ga 'ya'yansa da suka cuce shi, ya tattara iyalinsa, ya tafi wurin mai rigar.

Haka ya kamata ko wane abin tunawa ya yi mana. In mai shi yana da rai, abin ya sa mu ɗauki alƙalami mu rubuta masa, ko mu taka mu gaishe shi, gama zumunta a ƙafa ta ke. In ya rasu, ya sa mu yi masa addu'a, mu duba marayunsa, mu gai da abokansa, mu riƙe halin kirkin da muka san shi da shi. Wanda ya ke jan carbin ubansa alhali ya yanke zumunci da ƙanen uban, itace kawai ya ke ja.

Sabo da haka ga aikin da mu ke roƙonku. In kun je gida hutu, ku durƙusa gaban tsofaffinku ku ce, "Baba, wannan takobin na wa ne?" ko "Inna, wa ya ba ki wannan tasar?" Ku saurara da ladabi, ku rubuta abin da suka faɗa, da sunan mai abin, da garinsu, da zamanin wane sarki aka yi, ku naɗe takardar ku ajiye tare da kayan. Allah ya ba ku abin da magadan Ka'abu da yawancin kakanninmu ba su mai da hankali a kai ba, watau rubuta labari tun mai shi yana da rai. Tsohon da za ku tambaya bana ba lalle ne ku same shi baɗi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu zama masu riƙon amanarsu, amin.